Tarar Awakin Kansila Angama

In kana son ganin kwata mai tarihi, ka zo unguwarmu. Ni tela ne, shagona yana kallonta ido da ido, kuma tun ina koyon zura zare a allura take nan da bakinta a hangame. Da rani ba ta da wani laifi, wari kawai take yi. Da damina kuwa sai ta cika ta batse, ta tsallaka titi, ta nufi gidan Yaya kai tsaye kamar an aike ta. Yaya ita ce yayar kansilanmu, mijinta ya rasu, tana sayar da sabulu da ashana a zaure, kuma duk unguwa Yaya muke ce mata. Bara ruwa ya zaizaye gindin ɗakinta. Magini ya zo ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce in aka sake yin damina ɗaya ba a saka kwalbati a kwatar nan ba, ɗakin sai dai labari.

Dalilin da ya sa muka zaɓi ƙaninta ke nan. Mun ce ko bai ji kunyar kowa ba, ai ya ji ta wadda ta goya shi. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni, Angama kowa ke ce masa, domin ko me ka kawo masa, kafin ka rufe baki ya daki ƙirji ya ce, "An gama!" Mu dai ba mu taɓa ganin abin da ya fara ba, balle wanda ya gama.

To, duk shekara kafin ruwa ya sauka majalisar gari takan zauna ta yi kasafin kuɗi. Ma'aji zai kawo ƙiyasin abin da zai shigo: harajin rumfunan kasuwa, kuɗin tasha, lasisin shaguna irin nawa, da ɗan kason da ake turowa daga sama. Kowane kansila kuma ya kawo buƙatar unguwarsa. Daga nan sai a hau yanka da ragewa, irin yadda nake yi in mutum ya kawo yadin ɗan yaro ya ce riga da wando yake so har da aljihu huɗu. A wannan shekarar Allah ya yi, kwalbatinmu ya shiga daftari. Ma'aji da bakinsa ya gaya mini ranar da ya zo karɓar wandonsa. Na rufe keke, na tafi majalisa na zauna a bencin 'yan kallo, don in ji da kunnena.

Ana cikin zama lafiya lau, sai Angama ya miƙe ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe Ciyaman, garin nan ya girma. Duk garin da ya amsa sunansa yana da shataletale. Ina so a yi mana guda a mararrabar kasuwa, mai feshin ruwa a tsakiya, da fitilu masu canza kala."

Ciyaman ya ce, "Motoci nawa ke bin mararrabar?"

"In aka yi shi za su zo."

Ma'aji mutum ne siriri mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta ƙare. Ya cire tabarau ya ce, "Ka san ƙa'ida, Kansila. Wanda ya kawo sabon kashe kuɗi, shi zai nuna ƙofar da kuɗin za su shigo."

"Ƙofa? Malam Ma'aji, ni gari guda zan buɗe maka. Leƙa taga. Me ka gani?"

"Akuya."

"Kai akuya ka gani, ni kuɗi na gani suna tafiya da ƙafa huɗu. Duk dabbar da aka kama tana yawo a titi, a tsare ta a bayan majalisa, mai ita ya zo ya biya tara. Awakin garin nan sun fi mutanensa yawa. Ka rubuta kawai."

"Tarar ta kwana ce ko ta kai?"

"Ta kai! Kai ɗaya, tara ɗaya, kuma 'yar kaɗan. Ba na son lissafin da zai wahalar da talaka."

Ciyaman ba ya son abin da zai jawo masa zagi a kasuwa, don haka ya sa aka ƙara cewa majalisa ce za ta ciyar da duk dabbar da ke hannunta, in kuma ta mutu ko ta ɓace a biya mai ita. Angama ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Sai Ma'aji ya tambayi kuɗin fara aiki: wayar shinge, igiyoyi, dusa, ladan 'yan kamu. Daga wane layi za a cira?

"A ara daga kuɗin kwalbatin unguwata. Kafin ranar karanta kasafi na mayar da su har da riba."

"In ba su dawo ba, kwalbati ya fita daga kasafin bana. Ka ji ko?"

"An gama!"

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ɗaga hannu, mai gadi ya ce 'yan kallo ba sa magana.

Washegari Angama ya zo shagona da shadda mai sheƙi, a ɗinka masa babbar riga ta ranar karanta kasafi. Ina cikin auna shi, hannuwansa a sama, sai ga Yaya ta tsallako kwata da tsintsiya a hannu.

"Auta, me nake ji?"

"Yaya, a gaban jama'a Kansila ake cewa."

"A gaban jama'a na yi maka wanka. Kuɗin kwalbatin ka ɗauka za ka saya wa awaki dusa?"

"Jari ne, Yaya. Ke ba ki san harkar gwamnati ba. Kuɗi ake sakawa su haifi kuɗi."

"To su haihu kafin hadari ya haɗo. Ɗakina ba ya jiran haihuwar kowa."

"Ba kwalbati ba, gada zan yi miki, mai ƙarfe gefe da gefe. Tela, ka shaida."

Na ce, "Yallaɓai, sauke hannunka, na gama da hammata."

Ranar fara kamu shi da kansa ya ja gaba, da usur a baki da igiya a kafaɗa, 'yan kamu uku na biye da shi. A unguwarmu ya fara, wai don a san ba ya nuna sani. Ya hango wani jan bunsuru yana cin kwali a bakin shagona, ya ce kowa ya tsaya ya ga yadda ake yi. Ya lallaɓa, ya jefa igiya, ta kuwa shiga wuya. Abin da bai yi tunani ba shi ne ya riga ya naɗe ɗaya bakin a tsintsiyar hannunsa. Bunsuru ya zabura, Kansila ya bi shi da gudun da bai shirya ba, suka zagaya teburin mai shayi, suka ture masa gwangwanayen madara. Bunsuru ya tsallake kwata, shi kuwa Kansila bai tsallake ba.

Da muka ciro shi, baƙi ƙirin har gira, usur ɗin na bakinsa. Ya tofar da shi ya ce, "Kun gani? Da gangan na shiga, in auna zurfinta saboda aikin gada."

Duk da haka kamu ya kankama. Kafin mako ya zagayo, filin bayan majalisa ya cika da kuka. Angama ya sa aka kafa tebur a bakin shinge, da akawu da littafin rasit da akwatin ƙarfe. Akawu ya zauna, ya yi hamma, ya kori ƙuda, ya tashi. Ba wanda ya zo biyan tara.

Mahauci ne ya warware mini abin, ranar da ya kawo rigar aikinsa in yi mata faci.

"Tela, kai ba ka da akuya ne?"

"Ina da biyu, na ɗaure su a gida."

"Kai, amma ka cika sakarai. Nawa kake sayen buhun dusa? To tarar ba ta kai rabinsa ba, kuma ko shekara akuya ta yi a can, tarar ba ta ƙaruwa. Ga ci, ga sha, ga mai gadi da fitila. In ta mutu a biya ka. Ni nawa gaba ɗaya na kora su titi da hannuna. Sai sun yi ƙiba in je in karɓo."

Ba zan ɓoye ba, har gida na je na tsaya ina kallon nawa. Sai na tuna da ɗakin Yaya, na ƙara musu ƙulli a igiya.

Amma gari ya riga ya gane. Da safe in 'yan kamu suka fito, sai ka ga ƙofofi suna buɗewa ana turo awaki waje. Wasu har rakiya suke yi musu. Mutanen ƙauyukan gefe suka ji labari, suka riƙa kawo nasu a bayan babur suna saukewa a mararrabar kasuwa. Da 'yan kamu suka gaji suka fara zaɓe, sai aka koma ba su na goro don su kama. Wata tsohuwa ta je har ofishin Angama da ramammiyar tunkiyarta tana faɗa.

"Kwana da kwanaki tana yawo a titi, ba wanda ya kula ta! Ni ba 'yar gari ba ce? Ko sai mai hanya ake kama wa?"

Angama ya kalli Ma'aji yana murmushi. "Ka gani? Jama'a sun karɓi doka hannu bibbiyu. Ka taɓa ganin harajin da ake rububinsa?"

Ma'aji ya ce, "Kamun ake rububi. Akwatin har yanzu iska ce a ciki."

"Kuɗin suna nan a tsaye, suna cin dusa. Ajiya ce."

Ajiyar kuwa ta yi ta ci. Da yamma masu awaki kan zo su jingina da shinge suna duba dukiyarsu, suna ba mai gadi umarni. Wannan ya ce tasa ba ta son dusa busasshiya, a jiƙa mata. Wancan ya ce an bar nasa a rana. Mahauci ya shigar da ƙorafi a rubuce cewa harawar da ake sayowa ba ta da ganye. Awaki suka fara haihuwa, aka kira likitan dabbobi, shi ma da nasa lissafin. Sakataren majalisa ya daina amsa waya a ofis, domin duk wanda ya kira sai ya tambaya ko kasuwar dabbobi ya samu. Masu zuwa biyan lasisi suka riƙa toshe hanci suna juyawa daga ƙofa, wato har kuɗin da aka saba samu suka ja baya. Mai gadi ya ce shi gadi aka ɗauke shi ba kiwo ba, ko a ƙara masa albashi ko a nemi makiyayi.

Ana haka Yaya ta daina yi wa ƙaninta faɗa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Kullum da la'asar sai ta fito ta tsaya tana kallon gabas, ta koma ta dafa bangon ɗakinta. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi niyyar in ɓata masa wuyan riga, sai dai sana'a ba ta yarda ba.

Da ranar karanta kasafi ta matso, Ma'aji ya tare Angama a barandar majalisa, ni kuma na kawo rigar a leda.

"Kansila, kuɗin kwalbati saura ƙiris. Awaki sun cinye siminti, yanzu suna kan rodi."

Angama ya ture hula gaba ya sosa ƙeya. Can sai ya tafa hannu.

"Gwanjo! A ɗora lasifika a mota a zagaya gari. Duk wanda bai fanshi dabbarsa ba zuwa safiyar ranar kasafi, za a yi gwanjonta. Ranar nake so, Ciyaman da manyan baƙi su ga layin masu biya da idonsu. Malam Ma'aji, ka nemo akwati na biyu."

"Da aka kama su, an yi musu alama? An rubuta ta wane ce wannan?"

"Haba! Akwai wanda bai san akuyarsa ba?"

Ranar ta zo. An share zauren majalisa, an jera kujeru, an shimfiɗa farin ƙyalle a babban tebur, baƙi sun zauna da takardu a cinya. A baya kuwa gari ne ya tashi kaf, kowa da igiya. Angama ya fito cikin babbar riga, sai ƙyalli take, kuma ko maƙiyina ya san ɗinkin ya zauna. Ya hau kan durom a bakin shinge ya ɗaga hannu.

"Jama'a, layi ɗaya! Ka nuna taka, ka biya, ka karɓi rasit, ka wuce."

Mutum na farko ya nuna wata baƙar akuya mai sheƙi, ƙatuwa. Mutum huɗu suka ce tasu ce.

"Tawa ce, ga farin kunnenta!"

"Taka da ka kawo ƙashi da fata?"

"To ba ci ta yi ba?"

Ashe duk sun yi ƙiba sun canza kama, kuma wanda ya kawo ramammiya ba ya ganin dalilin da zai sa ya gane ta. Ana wannan sai Mahauci ya ja wata da 'ya'ya biyu a bayanta ya ajiye tarar kai ɗaya. Akawu ya ce uku ne.

"Uku ina? Uwar aka kama tana yawo. Waɗannan a gidan gwamnati aka haife su, ko titi ba su taɓa gani ba. Laifin me suka yi?"

Jama'a suka ɗauka, "Gaskiya ne! Ba su yi yawo ba!" Mahauci ya ga an rikice, ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya ce sai an yanke hukunci.

Angama ya ce, "Ku kwantar da hankali, ni zan raba gardama. Mai gadi, buɗe ƙofar kaɗan, a shiga ɗaya bayan ɗaya."

Mai gadi ya ce, "Yallaɓai, kar a buɗe."

"Ni ne kansila ko kai?"

Aka buɗe kaɗan. Mutane suka danna ciki, awaki suka danno waje, shinge ya rasa wanda zai bi ya kwanta gaba ɗaya. Teburin rasit ya kife, akawu ya ranta a na kare da akwatin a ka. Durom ya gangara da Kansila a kansa, ya yi taku biyu a sama kamar mai wasa, na uku ya zube a kwamin jiƙaƙƙiyar dusa. Kafin ya tashi awaki sun yanyame shi suna lasar rigar, wasu suna haɗawa da zaren aikin wuya. Yana ihu, "A kama! A rufe!" ba wanda ya san me za a kama, me za a rufe.

Ƙofar baya ta zauren a buɗe take saboda zafi, garken kuwa nan ya nufa. Ciyaman ya kai daidai inda yake cewa bana majalisa ta ɓullo da sabuwar hanyar samun kuɗin shiga, sai hanyar ta shigo da kanta. Baƙi suka hau kujeru. Wata akuya ta haye babban tebur ta tsaya a kan farin ƙyalle tana kallon jama'a. Masu igiya suka biyo su ciki, kowa ya cafki wadda ta fi kusa ya fice ta ƙofar gaba, ba tara ba rasit. Kan ka ce kwabo fili ya zama wayam, sai kashi a ƙasa da mutum goma sha wani abu da suka tashi hannu wofi, suna neman diyya kamar yadda doka ta ce. Tsohuwar nan tana cikinsu, ta rantse tunkiyarta har da ciki.

Da ƙura ta lafa, aka miƙar da kujeru, Ciyaman ya ce ko me ya faru kasafi sai an karanta shi yau. Angama ya zauna a kujerarsa, dusa na bushewa a gemunsa, rigar saura hannu ɗaya. Ma'aji ya mayar da tabarau ya karanta harajin kasuwa, ya karanta na tasha, ya karanta albashi da gyaran famfo. Sannan ya zo kan awaki. Ya lissafa waya, igiya, dusa, harawa, likita, diyya, da sabon ƙyallen tebur.

Ciyaman ya ce, "Abin da ya shigo fa?"

"Tarar kai ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ɗaya? Wane ne wannan bawan Allah?"

Ma'aji ya duba rasit, ya ɗago ya kalli bencin 'yan kallo. Yaya ce, tana zaune kusa da ni. Ashe a makon nan aka kama 'yar akuyarta, ta je da sassafe ta biya ta karɓo, don a cewarta ko yaya ne kuɗin su fara komawa wurin kwalbati. Ma'aji ya ɗauki biro ya ja layi a kan kwalbati, ya ja wani a kan shataletale, ya ce sai baɗi in Allah ya kai mu.

Angama ya miƙe. "Ranka ya daɗe, kuskure ɗaya aka yi, kuma na gano shi. In aka koma kan kaji..."

"Auta."

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Mai gadi ya buɗe baki zai ce 'yan kallo ba sa magana, ya kalli fuskarta, ya rufe. Ita kuwa ta dubi ƙaninta.

"Falon nan naka da kake karɓar baƙi, a fitar da kujerun. Gobe zan tare."

Haka kuwa aka yi. Da kurar ruwa biyu muka kwashe mata kaya, gado da tukwane da katan-katan na sabulu, akuyar tana biye. Ba a jima ba hadari ya haɗo, aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye kwata ta tsallaka titi kamar kullum, ɗakin Yaya ya zauna a ƙasa, rufin ya kife a kansa. Muka taru muka yi cirko-cirko. Ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallo, a nan ta haifi 'ya'yanta duka. Ni dai sai da na juya na goge ido. Ita ba ta yi kuka ba, ta tattare zani ta shiga cikin taɓo, ta jawo ƙyauren ɗakin, na katako mai nauyi, ta ce marigayi ne ya sassaƙa shi da hannunsa shekarar da aka kawo ta.

Sai ga Kansila da lema, yana ɗaga ƙafa kada takalminsa ya jiƙe.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Kasafin baɗi, wallahi layi na farko..."

Ta karɓe lemar ta miƙo mini.

"Durƙusa."

Ya durƙusa. Muka kama muka ɗora masa ƙyauren a ka. Ta wuce gaba, ya bi ta a baya cikin ruwa har gwiwa, ta tsakiyar kasuwa, masu rumfuna suna leƙowa suna yi masa sannu da aiki.